Wai sai an biya kuɗi a zagaya da kai garin da kake ciki?

Maman Iklima:
Salamu alaikum mutanen gida, da fatan an tashi lafiya. Ina da labari amma don Allah kar wanda ya yi mini dariya sai na kai ƙarshe. Asabar ɗin da ta wuce ƙanwar maigidana da ke karatu a jami'a can Harobanda ta ja ni wani yawo, wai su ɗalibai sun haɗa kuɗi sun ɗauki gid, wato ɗan jagora, ya zagaya da su tsoffin unguwannin Yamai da ƙafa, kowa jika biyu. Na ce ke rufa mini asiri, shekarata goma sha ɗaya a garin nan wane lungu ne ya rage da za a nuna mini, ta dai yi ta naci har na sa takalmi na bi su. Mun haɗu ƙarfe bakwai na safe a gindin gadar Kennedy mu goma sha huɗu, ba mu gama ba sai wajen sha ɗaya a ron-puwan Maourey, har yanzu ƙafafun nan kamar ba nawa ba. Amma wallahi kunya na ji, ashe zama kawai nake yi a garin, daga Lazare zuwa wurin aiki, daga wurin aiki zuwa kasuwa, shi ke nan sanin Yamai ɗin nawa.

Ɗan Gobir na Katako:
Wa alaikumus salam Hajiya. Jika biyu?? Ki biya jika biyu kuma ki taka da ƙafarki cikin rana? Da kin ba ni jika guda na ɗauke ki a moto na kai ki har Goudel na dawo da ke, labarin ma kyauta hhhh

Maman Iklima:
Ai na ce kar a yi dariya sai na gama Ɗan Gobir. Bari ka ji. Abin da ya fara ba ni mamaki tun ba mu ɗaga ƙafa ba, gid ɗin wani dattijo ne siriri da hula da 'yar jaka ta fata, ya ce mu juya baya ga ruwa mu dubi otel Gaweye da Palais des Congrès, ya ce wa ya san me sunan Gaweye yake nufi. Ni duk zamana na ɗauka sunan otel ne kawai. Ashe unguwa ce guda ta mutane da gidajen ƙasa da masunta a bakin kogi, ɗaya daga tsoffin unguwannin garin, aka tashe su zamanin Seyni Kountché lokacin da kuɗin uraniyom suka shigo aka gina waɗannan manyan gine-ginen a wurin. Unguwa ta tafi, suna ya tsaya a jikin otel. Ya ce ita kanta gadar sai 1970 aka buɗe ta, kafin nan mai son ƙetarewa sai bak, wato jirgin fito, ko kwalekwale. Muna tsaye ana ta sauke kabewa daga jiragen ruwa, manya-manya an jibge su kamar duwatsu, can gefe masu wanki suna ta bugun kaya sun shanya zannuwa a ƙasa, shekara nawa ina wucewa ta saman gadar nan cikin taksi ban taɓa sauka na ga ƙasanta ba.

Ɗan Gobir na Katako:
To kin ga abin da nake faɗi. An kai ki an nuna miki wurin da abu yake DA. Kin biya kuɗin kallon abin da babu. Mu a kasuwa in mutum ya sayar maka da abin da babu sunansa daban ne

Hamsatu 'yar Goudel:
Kai Bagobiri rufe mana baki, kai da ka zo garin mutane a bayan motar albasa me ka sani a tarihi 😂 Maman Iklima ci gaba muna saurare

Ɗan Gobir na Katako:
Ga baiwata ta iso. Ba don mun zo ba ai da har yanzu kopto kuke ci safe da dare

Hamsatu 'yar Goudel:
Kopton da kake layi kana saye kullum da dambu, Allah ya shirye ka

Mushe na Banizoumbou:
Ku bar wasan taubasantakar tukuna. Ni ina ganin maganar Ɗan Gobir akwai ƙamshin gaskiya ko da wasa yake yi. Yamai ba irin Agadas ba ce ko Birnin Damagaram da za ka je ka ga masallaci ko fada mai shekaru ɗaruruwa ka taɓa da hannunka. Garin yaro ne in aka gwada shi da waɗancan. Farkon shekarun 1900 da Faransawa suka kafa barikinsu a nan 'yan ƙauyuka ne a bakin kogi, Maourey, Kalley, Gaweye, ga Zongo na baƙi, sai su Goudel da Gamkallé da Saga da ke zaman kansu a gefe. Sai 1926 aka maido da babban birni nan daga Damagaram. Lokacin da aka samu 'yancin kai a 1960 mutanen garin duka wajen dubu 30 ne, ƙidayar 2012 kuma ta ba da fiye da miliyan guda. Garin da ya kumbura haka cikin shekara hamsin dole ya haɗiye tsoffin gidajensa. Saboda haka mai zuwa irin wannan yawo don ya ga gini zai dawo da haushi, mai zuwa don ya ji yadda aka yi garin ya zama haka shi ne zai ci ribar kuɗinsa.

Bazindire:
Mushe ka ce "aka maido", a'a ka faɗi gaskiya, aka ƙwace. Daga 1911 har 1926 mu ne babban birni. Hajiya gid ɗin naku ya faɗi wannan ko ya ɓoye?

Maman Iklima:
Ya faɗa mana Bazindire, har dalili ya kawo, wai matsalar ruwan sha a Damagaram, sannan Faransawa ba su so kusancinku da Kano da Turawan Ingila, nan kuma ga kogi ga hanyar Dahomey zuwa teku. Wani ɗalibi ɗan wajenku ya yi ta gardama da shi har muka hau tudu.

Bazindire:
Maganar ruwa dai ba zan musa ba, har gobe muna fama. Sauran kuma siyasa ce.

Maman Iklima:
To daga nan muka hau muka tsaya bakin Gountou Yéna, wannan kwarin da ke bi ta gefen muze ya faɗa kogi, wanda ni dai a sanina wurin lambu ne da ruwan datti da sauro. Ya ce ku dube shi da kyau, wannan shi ne iyakar da Turawa suka yi, wancan ƙetaren Plateau nasu ne, gidan gwamna da ofisoshi da tituna masu faɗi da itatuwa, wannan ƙetaren kuma na baƙar fata. Ya ce cikin shekarun 1930 gobara ta cinye bukkokin mutane sai aka samu dalilin ɗauke unguwanni daga bakin ruwa aka hau da su sama aka yanka musu filaye kare-kare a miƙe, aka ce a yi ginin ƙasa a bar na kara. Shi ya sa in ka shiga Kalley ko Maourey za ka ga titunan a miƙe suke kamar an ja da zare, ba irin lungunan tsohon gari masu murɗewa ba. Ni wallahi ban taɓa tambayar kaina me ya sa Plateau ke da inuwa mu ba mu da ita ba, na ɗauka haka Allah ya yi wurin.

Mushe na Banizoumbou:
Wannan ita ce maganar. Kuma har yau ba a fita daga wannan zanen ba, ku duba inda fadar shugaban ƙasa da ministoci da manyan ofisoshi suke, ku duba inda kasuwanni da cunkoso suke. Bature ya tafi shekara sittin da wani abu amma kwarin yana nan yana aikinsa.

Ɗan Ader:
Assalamu alaikum. Ni tambaya gare ni Hajiya, mi yac ce bisa sunan garin? Don ni kowa na tambaya sai ya ba ni nashi labari daban, har na gaji na bari.

Maman Iklima:
Shi ma bai tsaya kan guda ba Ɗan Ader, uku ya ba mu. Wai akwai wata itaciya da ake kira nya a bakin ruwa, wasu kuma suka ce nya uwa ce me kuma baki da Zabarmanci, wato bakin ruwan da wata tsohuwa ke ɗiban ruwa, na ukun wai wani shugaban Kalle ne ya ce wa mutanensa su share nan su zauna, kalmar da ya faɗa ta zama sunan. Ya ce kowane gida da wanda yake riƙe da shi, kuma wanda mutum ya zaɓa yana nuna maka wa yake so a ce ya riga zuwa.

Hamsatu 'yar Goudel:
To a nan ne ni nake da magana. Duk mai yin irin wannan yawon daga gada yake farawa ya ƙare a Maourey kamar nan ne duniya ta fara. Goudel fa? Mu da sarautarmu da gonakinmu da makabartar kakanninmu tun Yamai ba ta zama komai ba, garin ne ya tsiro ya zo ya same mu, yanzu an mai da mu kartiye kamar kowace. Haka Gamkallé haka Saga. Kakata har ta rasu in za ta Habou Béné, babbar kasuwa, cewa take za ta Yamai, ba ta taɓa yarda a cikin Yamai take ba. In gid bai kai ku can ba rabin labari ya ba ku.

Maman Iklima:
Ya ambace ku Hamsatu, amma da ƙafa daga gada zuwa Goudel ai sai dai a kwaso mu a mota. Ni a Zongo ma igiyar takalmina ta tsinke.

Ɗan Gobir na Katako:
Alhamdu lillahi, jika biyu da takalmi

Maman Iklima:
Dala ashirin aka gyara mini shi, kar ka ji daɗi. Kuma zaman da na yi kan benci wurin mai gyaran nan shi ya fi mini komai a yawon. Ina zaune ƙafa ɗaya ba takalmi, gid yana bayani wai Zongo nan ne masaukin fatake, Hausawa masu zuwa da masu wucewa da jakuna da raƙuma, masu goro, masu tufafi, mahauta, wanzamai, malamai, duk baƙon da ya iso gari da yamma nan ake nuna masa. Sai wani tsoho da ke kishingiɗe kan tabarma a ƙofar zaure yana jan tasbaha ya ɗaga kai ya ce yaro ba haka ba ne, zo in gaya maka. Dattijon gid da furfurarsa aka ce masa yaro, ya kuwa je ya durƙusa. Tsohon nan ya shiga lissafa gidaje da sanda yana nunawa, nan gidan mahauta ne, can masaukin mutanen Sakkwato, wancan bene mai butik a ƙasa da gidan wani malami ne da almajirai suka cika shi, wancan kuma jikoki sun sayar sun raba kuɗin sun koma bayan gari. Ya kai minti ashirin yana magana ba wanda ya motsa, mai shayi na gefe har ya bar butarsa tana tafasa tana zuba kan gawayi. Gidajen ƙasan da suka rage a layin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, katanga duk ruwa ya zaizaye gindinta, an tokare wata da itace, hagu da dama kuma siminti ne da shagunan kayan waya.

Alhaji Baban Zongo:
Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini, ni idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. An karanta mini abin da kuke tattaunawa. 'Yata Maman Iklima Allah ya yi miki albarka da kika taka kika zo. A unguwar nan aka haife ni, a nan na yi kaciya a nan na yi aure. Amma ina da ƙorafi guda kuma ba da ke nake ba. Masu kawo mutane yawo su riƙa gaya musu nan gidajen mutane ne ba muze ba. Kwanakin baya wasu suka zo, yarinya ta tura kai cikin zaure ba sallama ta ɗaga waya tana ɗaukar matan gida suna tuwo, da aka yi magana wai tsohon gini take ɗauka. Tsohon ginin ai da mutane a cikinsa. Ba mu hana kowa zuwa ba, Zongo dama don baƙo aka yi ta, amma baƙon da muka sani sallama yake yi a ba shi ruwa ya sha sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Maman Iklima:
Amin Baba, na gode. Wallahi gaskiyarku, mu ma an so a yi haka, wani yaro cikinmu ya ɗaga waya zai ɗauki wata tsohuwa mai tuyar masa, ta ɗaga masa ludayi ta ce in ya kuskura sai ta watsa masa ƙullu. Gid ya sa shi ya ba ta haƙuri, muka sayi masar ta kusan duka, daga baya ita da kanta ta gyara ɗaurin kallabi ta ce to yanzu ɗauka.

Ɗan Gobir na Katako:
Ina wuni Baba. To ni yanzu ba wasa nake ba, ga tambayata. Mutum goma sha huɗu jika biyu-biyu, jika ashirin da takwas ke nan a safiya guda. Tsohon da ya yi minti ashirin yana ba da labarin da ya fi na gid, nawa ya samu? Labarin na mutanen unguwa, gidajen nasu, kuɗin kuma na wani. Wannan shi ne abin da ban gane ba a harkar.

Maman Iklima:
Na ga gid ya sa masa wani abu a hannu da za mu tashi, ya ce na goro, ban san nawa ba ne. Amma kai ma Ɗan Gobir ka yi adalci, mutumin nan awa huɗu yana tafe yana magana cikin rana, ya san wa zai gaisar a kowane layi, ya san ƙofar da ake tsayawa da wadda ba a tsayawa, da ni kaɗai na shiga Zongo ina leƙe-leƙe wa zai kula ni, ƙila ma a ɗauka 'yar leƙen asirin masu sayen fili ce. Dillali a Tourakou ba shi ya haifi ragon ba amma kana ba shi la'adarsa.

Ɗan Ader:
Hhhh ta kashe ka Bagobiri. Amma maganatai ba ta banza ba ce hwa. Mu can Tawa in baƙo ya zo yana son labarin gari wurin tsohi aka kai shi, ya kai goro da sukari, babu wani na tsakiya. Abin da ni ka tsoro shi ne ranar da tsohin ga sunka ƙare, gid ya rage shi ɗai da abin da ya hardace, ba mai ce mishi yaro ba haka ba ne.

Mushe na Banizoumbou:
Shi ya sa ni da za a bi shawarata yaran lakkol za a riƙa kaiwa, ba manya masu neman foto ba. Ina koyar da yara 'yan aji shida, sun hardace shekarar da aka yi kaza a Faransa amma ka tambaye su me ya sa ake ce wa unguwarsu Boukoki ba su sani ba, alhali Hausa ce tsantsa, bukkoki, wurin da baƙi suka kafa bukkoki a gefen gari. Haka Katako, haka Tourakou daga turakun ɗaure dabbobi, haka Dan Gao, haka Wadata. Rabin taswirar garin nan da Hausa aka rubuta ta, rabi da Zabarmanci, Harobanda bayan ruwa, Habou Béné kasuwar sama, Habou Ganda kasuwar ƙasa. Sunayen kaɗai darasi ne na wata guda.

Hamsatu 'yar Goudel:
Mushe ka ce rabi da rabi don a zauna lafiya ko, to na yarda 😂

Bakano a Yamai:
Ku yi haƙuri ni baƙo ne, wata bakwai da zuwana. Wace ce Habou Ganda? Na san Grand Marché kawai.

Maman Iklima:
Ita ce Petit Marché, ai mun tsaya wurin. Gobara ta cinye ta a 2012, ni na zo gari bayan nan don haka ban san ta ba sai a bakin mutane, maigidana har yau in ya ga tumatir mai kyau sai ya ce kamar na Petit Marché. Gid ya ce in kana son tarihin Yamai ka bi gobara. Ita ma babbar kasuwa ta ƙone a 1982, 'yan kasuwa suka koma Wadata kafin a sake gina ta a buɗe a 1987, ginin da kake gani yanzu ke nan. Kowace wuta sai ta tashi wasu mutane ta kai su wani wuri, sabuwar unguwa ko sabuwar kasuwa ta tsiro.

Alhaji Baban Zongo:
Wutar 82 ina nan, ina da rumfar yadi a ciki. Abin da na fita da shi almakashi ne da ma'auni, su ne a aljihuna. Kasuwar da ta ƙone ba irin wannan ba ce, rumfuna ne na kwano da katako a matse, wuta ta samu abinci. Mun yi shekaru a Wadata muna cewa gobe za mu koma, da aka gama ginin wasu suka koma wasu suka ce sun saba. Ni na koma. Almakashin yana nan, jikan nan nawa da ke rubutu ya sha ganin shi.

Bakano a Yamai:
Allahu akbar. Allah ya ƙara lafiya Baba. Mu ma Kano haka ganuwa ke tafiya, kowa ya yanki gabansa ya yi shago, sai ƙofofin suka rage.

Bazindire:
Ku dai ku zo Birni ku ga abin da ake kira tsohuwar unguwa, fadar Sarkin Damagaram na nan tsaye, gidaje da zane a fuska, lungun da mota ba ta shiga. Ba sai gid ya ce ku rufe ido ku ƙaddara ba.

Hamsatu 'yar Goudel:
Za mu zo, mu taho muku da ruwa jarka nawa?

Admin:
Jama'a a yi wasa a hankali kar a zafafa. Maman Iklima muze fa, kun shiga?

Maman Iklima:
Mun ratsa ne kawai Admin, don ya ce muze yini guda take ci ita kaɗai. Ya dai tsayar da mu wurin itaciyar Tenere da mota ta buge a hamada a 1973 aka kwaso ta aka kawo nan, da ƙasusuwan dodannin nan na zamanin da da aka tono a ƙasar Agadas. An buɗe muze ɗin a 1959, sunan Boubou Hama ke kanta. Ni duk zuwana da yara ranar salla wurin kura da dorina muke tsayawa mu sha yawur mu dawo, ban taɓa bi ta wurin maƙera da masaƙa da dukawa da ke aiki a ciki ba sai ranar. Daga nan muka bi ta gaban katedral, ya nuna mana yadda coci da masallatai da gidajen Zongo suke maƙwabtaka tun zamanin Turawa, ma'aikatan Dahomey da Togo da aka kawo aikin ofis su ma a tsakiyar nan suka zauna.

Mushe na Banizoumbou:
Wani abin da ya kamata masu wannan aiki su lura da shi, sunayen tituna suna canzawa a gabanmu. A watan Oktoba na 2024 titin da ake kira Charles de Gaulle ya koma Djibo Bakary, wanda shi ne magajin garin Yamai na farko a 1956, wurin hoton Monteil, wani hafsan sojan Faransa na zamanin mulkin mallaka, kuma aka sa Thomas Sankara. Yaron da aka haifa bana ba zai san an taɓa kiran su da wani suna ba in ba a gaya masa ba, kamar yadda Hajiya ba ta san Gaweye unguwa ba ce.

Ɗan Gobir na Katako:
Mushe mu dai direban taksi ba ya sanin ko ɗaya, tsohon suna ko sabo, sai ka ce masa kusa da mai kilishi. Amma to na ji. Ni matsalata guda ce har yanzu, jika biyu kuɗin cefanen wani gida ne. In abin na 'yan jami'a ne da ma'aikata da Turawa to a faɗa. Yaron Boukoki mai tura baro ba zai taɓa jin wannan labarin ba, shi da aka fi yi da kakansa.

Maman Iklima:
Wannan kam ban da amsarta. Sai dai in mu nan gidan za mu haɗa namu, mu fi ɗari biyu a nan, kowa ya kawo yaransa da na maƙwabta, mu nemi iznin Baba ya zaunar da mu a zaure, Mushe ya riƙe shekaru, Hamsatu ta kai mu Goudel wani satin tunda ta ce rabin labari aka ba mu. Abin da aka tara a kai wa dattawan da suka yi magana.

Hamsatu 'yar Goudel:
Na yarda, amma Bagobiri shi zai ɗauki kular ruwa a ka

Ɗan Ader:
Ku sa ni ciki, ni da ɗiyana biyu. Amma a tahi da sassahe, rana ba ta da wasa watan ga.

Ɗan Gobir na Katako:
Asabar ina kasuwa. In lahadi ce zan zo, ba don tarihi ba, don in ga almakashin Baba. Kuma ba na biyan ko dala.

Alhaji Baban Zongo:
Ku zo lahadi bayan an karya kumallo, kafin ƙarfe tara, don in rana ta ɗaga zauren yana zafi tunda aka gina benen nan ya tare mana iska. Kar ku wuce mutum ashirin, tabarmina uku ne. Mata su shiga cikin gida su gaida Hajiya tukuna, ita ta fi ni riƙe sunayen gidaje, ni na fara mantuwa. Akwai wani abokina da aka haifa a Gaweye kafin a tashe su, zan aika a ɗauko shi in jikinsa ya yarda. Ɗan Gobir kai kuma goro za ka kawo, fari, ba na jika biyu ba na jika uku.

Ɗan Gobir na Katako:
Baba wannan ai ya fi kuɗin gid ɗin tsada

Admin:
Mai zuwa ya rubuta sunansa da yawan yaran da zai kawo a ƙasa, in mun kai ashirin na rufe. Maman Iklima ke ce ta ɗaya, a sa takalmi mai ƙwari wannan karon.